Gidan da Wilfrido Ya Yi wa Fentin Jirgin Ruwa

Akwai wani mutum a garinmu Santa Marta, sunansa Wilfrido Cantillo. Har yau in na tuna da shi raina ɓaci yake yi, kuma ba don mugu ne ba. Da mugu ne ma da abin ya zo mini da sauƙi.

Bakaniken jirgin ruwa ne. Shekara goma sha tara ya yi a ɗakin inji, daga wannan tasha zuwa waccan. Ya iya aikinsa, wannan ba mai musu. Matsalarsa guda ce: tun da inji yake jin maganarsa, ya ɗauka babu abin da bai iya ba a duniya.

Mahaifiyarsa, wadda don girmamawa muke kira Doña Casilda, a tsohon gari aka haife ta, layi uku tsakaninta da teku. A nan ta yi aure, a nan ta haifi Wilfrido da ƙanwarsa Nelsy, duk a gidan haya. Da mai gidan ya sayar wa masu otal, sai ta koma wurin Nelsy can bayan gari a unguwar Mamatoco, hawa na huɗu a wani dogon bene da babu hanyar hawansa sai matakala.

Da farko tana saukowa. Daga baya gwiwa ta ƙi. Shekara biyu ke nan ba ta taka ƙasa ba, in ba ranar asibiti ba, da ake neman ƙarti su sauko da ita a kujerar roba.

Matar da ta saba in yamma ta yi ta ja kujerarta mai lilo zuwa ƙofar gida, ta gaisa da mai wucewa, ta yi wa mai kifi ciniki har ya gaji, ta ji wa ya haihu wa ya rasu. Ita ce yanzu ba ta da abokin hira sai taga da talabijin.

Wilfrido ya ajiye aiki ya dawo gida a watan Janairu. Ya hau benen nan yana haki, ya zauna a gabanta.

"Mama, faɗa mini abin da kike so."

"Ka saukar da ni," in ji ta. "Ni ba tantabara ba ce. Ƙofa nake so wadda in na buɗe zan ga fuskar mutane, ba tsakiyar kansu ba."

"An gama. Kafin bikin waliyyar garinmu, Santa Marta, kina tsohon gari. A ƙofar gidanki za ki zauna jerin gwanon coci ya wuce ta gabanki."

Nelsy ta leƙo daga kicin. "Yaya, ka san yadda gida ya koma a tsohon gari kuwa? Ko ka ɗauka har yanzu shekarar da ka tafi ce?"

"Ke dai ji da kifinki, yana ƙonewa."

Bikin a ƙarshen Yuli ake yinsa. Wata shida ke gabansa, yana ganin ya isa har da saura.

Nan ya faɗa hannun wani dillali mai suna Jaider, mai babur da baƙin tabarau, wanda turarensa yake riga shi shiga ɗaki. Kowane gida a bakin Jaider dama ce da ba ta dawowa.

Gidan farko an ce ana ganin teku daga ciki. Suka zaga ko'ina, babu teku babu dalilinta.

"Ina tekun?"

"Zo nan, shugabana." Jaider ya ja shi banɗaki. "Taka nan. Ɗan ɗaga dunduniya. Ka ga tsakanin otal ɗin can biyu? Ka ga wani shuɗi-shuɗi?"

"Wannan ai tankin ruwa ne."

"A'a, gefensa."

Na biyu gidan gado ne, magada goma sha ɗaya. Biyu suna Venezuela, ɗaya ya yi rantsuwa ba zai sa hannu a takardar da yayarsa ta sa ba. Sati uku Wilfrido ya yi yana bin su da gahawa da kyakkyawar magana, daga ƙarshe ya gane sulhun rigimar shekara talatin ake so ya yi musu kyauta.

Na uku ba shi da rufi. Wata bishiya ce ta tsiro a tsakiyar falo har ta yi inuwa.

"Iska kyauta," in ji Jaider. "Baƙi kuɗi suke biya su kwana a irin wannan."

Na huɗu ne ya fi ci masa rai. Gida mai kyau, an daidaita ranar Juma'a, an yi musabaha, har ya buga wa Mama ya kwatanta mata launin ƙofar. Ranar Litinin ya je da takardunsa ya tarar wasu daga babban birni Bogotá sun saye ta waya, ko ganin gidan ba su yi ba. Ɗakunan kwanan 'yan yawon buɗe ido za su yi da shi.

Kullum da yamma wayarsa za ta yi ƙara.

"Ka samo?"

"Saura kaɗan, Mama."

"Haka ka ce wancan satin."

Sai a watan Afrilu Allah ya yanke masa wahala, kuma a layinmu na tsohon gari. Ina da ɗan shago a kusurwar layin, saboda haka daga nan duk abin da zan faɗa a idona aka yi.

Gidan wani tsohon malamin makaranta ne da ya rasu. Siriri ne, ba filin da za a haƙa wurin ninƙaya, shi ya sa masu otal suka raina shi. Bangonsa jan bulo ne irin na da, da farar ƙasa, kaurinsa ya kai kamu guda. Shafen ya zube daga ƙasa har zuwa ƙugun mutum, gishiri ya yi fari fat a jiki kamar an watsa gari. Wilfrido bai tsaya dogon tunani ba, ya saya.

Muka ce masa ya kira Maestro Ovidio. Duk maginin da ya ƙware, Maestro muke ce masa, amma a layinmu in ka ce Maestro kawai, shi ake nufi. Ya haura saba'in, kuma rabin tsofaffin gidajen unguwar hannunsa ne ya riƙe su.

Ya zo da safe da malafarsa. Ya ɗora tafin hannu a bango ya daɗe, ya kankari wani wuri da farce, ya kai baki ya ɗanɗana. Ya shiga kowane ɗaki ya yi haka.

"Gidan lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Gumi kawai yake yi, kamar kowa a garin nan."

"Wata nawa zai ɗauka?"

"Biyar."

Wilfrido ya yi dariya. "Baba, shafe na ce, ba coci za ka gina mini ba."

Maestro ya yi masa bayani a tsanake. Ƙarƙashin garin nan ruwan gishiri ne. Bangon yana sha ta ƙasa, yana fitarwa ta jiki, haka yake yi tun kafin a haifi kakanninmu. Sai an kankare tsohon shafen, a bar bulon ya sha iska. Sannan a kawo farar ƙasa wadda ta daɗe a jiƙe a rami, a kwaɓa da yashin kogi. Shafe uku za a yi, kuma ba a ɗora wani sai na ƙasa ya bushe don kansa. Siminti kam ko cokali ɗaya.

Wilfrido yana ji yana ƙirga watanni a yatsa. Biyar daga Afrilu Satumba ke nan. Biki ya wuce.

"Baba, ji nan. Shekara goma sha tara ina faɗa da gishiri. Na san shi, ya san ni. Gishiri ba a lallashinsa, toshe shi ake yi. Jirgin da yake kwana ya tashi a cikin teku ma fenti ne yake tsare shi, balle bangon da yake tsaye a tudu."

"Jirginka ruwan a waje yake," in ji Maestro. "Wannan a cikinsa yake. In ka toshe, da wa ka kulle shi?"

Mu da muke tsaye a ƙofa muka yi murmushi. Ina jin murmushin nan ne ya ɓata komai, don Wilfrido ba ya son a ga an kayar da shi.

"Ku tsofaffin magina na san ku," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ku ja aikin sati shida ya kai wata biyar don kuɗin yini ya taru. An wuce wannan zamanin."

Maestro ya dube shi, ya gyara malafarsa. "Allah ya sa albarka a gidan. Ka gai da Casilda, ajinmu ɗaya a firamare."

Da ya zo shagona sayen ruwa na ce masa, "Wilfrido, mutumin nan fa bai taɓa cutar kowa ba. Ka sake tunani."

"Kai ka taɓa gyara ko da keke?"

Na ba shi ruwansa ya tafi.

Nelsy ma ta yi nata. "Yaya, Mama ta jira shekara biyu. Wata biyun da za a ƙara mene ne? Biki ai kowace shekara ana yi."

Har ita Mamar ta sa baki. "Ovidio ne ya ce? To ka ji maganarsa. Tun yana yaro ba ya ƙarya, shi ya sa bai yi arziki ba."

"Mama, na riga na ce Yuli. Ni ba na magana biyu."

Jaider ya kawo ɗan kawunsa, ɗan kwangila, wanda ya ce sati shida ya yi yawa. Aka dinga sauke buhunan siminti. Aka lafta wa bangon ciki da waje, aka shimfiɗa tayil a ƙasa. Ƙananan ramukan iska da suke saman kowace ƙofa Wilfrido ya sa aka toshe, wai ƙura da sauro. Ya cire tagogin katako ya sa gilashi, ya ɗaura na'urar sanyaya ɗaki.

Fenti kuwa bai yarda kowa ya taɓa ba. Ta hannun wani abokinsa a tashar jiragen ruwa ya samo irin wanda ake yi wa jirgi, shuɗi mai ƙyalli. Da hannunsa ya shafa, sau uku. Ya watsa wa bangon bokitin ruwa a gabanmu, ruwan ya gangare kamar a jikin kwano.

Gaskiya gidan ya yi kyau. Baƙi suna tsayawa ɗaukar hoto a ƙofar. Wata rana Maestro ya zo wucewa, Wilfrido ya ƙwala masa kira daga tsallake.

"Baba! Zo ka ɗanɗana wannan mana! Yana gumi?"

"Ya yi kyau," in ji tsohon, bai ko rage tafiya ba.

Saura kwana goma biki aka kawo Doña Casilda. Da aka ajiye ta a ƙofar gidan ta ce kada wanda ya riƙe ta. Da sandarta ta taka dokin ƙofa da kanta. A yammacin ranar ta tsayar da mai kifi, ta zage shi tas a kan farashi, ta saya, ta kira shi ya dawo ya sha gahawa.

Ranar biki ta sa farar riga ta zauna a ƙofa, jerin gwano ya wuce, tsofaffin ƙawayenta suna ta fita daga layi suna rungume ta. Wilfrido yana tsaye a bayanta ƙirji a gaba. Ni kaina a ranar na ce ko dai mu ne ba mu waye ba.

Agusta ya wuce lafiya. A Satumba Doña Casilda ta ce kayanta suna wani wari. Ta ciro takalmin cocinta daga kabad ta ga ya yi kore. Wilfrido ya ce na'urar sanyi ce, ya kwance ta ya wanke ya mayar.

Sai ruwan Oktoba ya sauko.

Kwana huɗu ana yi, layi ya cika da ruwa ya janye kamar yadda ya saba. Gidajenmu suka jiƙe daga ƙasa, suka yi ɗan tabo, rana ta fito suka fara bushewa. Nasa kuwa a lokacin ya fara.

Fentin ya kumbura wuri-wuri kamar ƙunar ruwan zafi. In ka soka wuƙa sai ruwa ya tsirto, ka ɗanɗana ka ji gishiri zalla. Tsakanin tayil ya dinga tsattsafowa. Laimar da ta rasa hanyar fita ta ƙasa ta yi ta hawa a cikin bangon har ta kai katakon rufi. In ka shiga gidan sai ka ji numfashinka ya yi nauyi.

Kun san abin da ya yi? Ya kankare wuraren da suka kumbura, ya ƙara fenti. Sau biyu. Ina kallonsa daga shago yana wucewa da gwangwani, in ce a raina wannan mutum ko ɗaure shi za a yi.

Doña Casilda ta fara tari. Ta ce sanyin na'ura ne, aka kashe. Tarin bai tsaya ba. Ta daina fitowa ƙofa da yamma.

Ranar wata Lahadi Nelsy ta zo da shinkafar kwakwa da soyayyen kifi. Ta shiga ɗakin uwar, ta tsaya, ta shaƙi iska, ta ajiye kwanon. Ta ja gadon daga jikin bango.

Bayan gadon baƙi ƙirin yake da funfuna, daga ƙasa har sama da inda matashin kai yake. Katifar ma ta kama.

Har shagona na ji muryarta.

"Wilfrido! Zo ka ga jirginka! Zo ka ga abin da uwarka take shaƙa kullum!"

"Zan wanke, akwai wani magani da muke..."

"Wallahi ka ƙara ce mini 'muke' sai na kwaɗa maka kwanon nan. Nan ba teku ba ne!"

Kwana goma sha ɗaya Doña Casilda ta yi a asibiti. Likita ya ce huhunta ya taɓu, kuma a shekarunta ba lallai ya koma yadda yake ba. Ya ce gidan nan ko kwana ɗaya kada ta ƙara a ciki sai an gyara shi.

Wilfrido ya bazama neman haya a ƙasa, ko ɗaki ɗaya ne. Ina! Disamba ta gabato, duk mai ɗaki a unguwar da kwana yake bayarwa ga baƙi, ba mai sauraron maganar wata. Ga shi kuma tana buƙatar mai kula da ita koyaushe, Nelsy kuwa aikinta da 'ya'yanta suna can. Babu yadda za a yi, sai benen nan.

Mu huɗu muka ɗauke ta a kujerar roba, har da ni. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. A hawa na biyu ta ce, "Ku tsaya in huta." Muka ajiye ta, alhali mu ne muke ɗauke da ita. Ta daɗe tana kallon ƙasa ta tsakanin ƙarafan matakalar.

Wilfrido ya durƙusa. "Mama..."

"Ba komai," in ji ta. "Ai na ga biki."

Washegari da hantsi ya tafi gidan Maestro. Ya same shi a bayan gida yana juya farar ƙasa a rami da dogon itace. Ya tsaya a gabansa.

"Baba, na yi maka rashin kunya a gaban mutane."

"Ka yi."

"Ka yafe mini."

"Wannan mai sauƙi ne, na yafe tun ranar. Yaya Casilda?"

"Tana saman bene." Ya dubi ramin. "Wata nawa, Baba?"

"Tara."

"Tara? Da ai biyar ka ce!"

"Da gidan ne kawai. Yanzu akwai aikinka a kai."

Haka kuwa abin yake. Siminti in ya kama tsohon bulo ba ya sakinsa ta daɗi, sai ya taho da fuskar bulon. Dole a bi shi a hankali da ƙaramar guduma, a cike duk inda ya ɓalle. Sannan bangon da ya ƙoshi da ruwa sai ya sha iskar rani tun daga Disamba har ya huce, kafin a yi maganar shafe.

Wilfrido ya roƙi abu ɗaya: a fara gama ɗakin gaba, mai kallon titi, ko a samu a dawo da ita da wuri. Maestro ya ce to, in an gama fasa na sauran ɗakunan ƙura ta kwanta.

Shi da kansa ya zama lebura. Mutumin da ya ce mini ban taɓa gyara keke ba, shi ne yake zuwa shagona fari fat da ƙura, hannu duk kanta, ya sayi ruwa ya koma. Fentin da ya shafa sau uku, da hannunsa ya dinga farfasa shi yana zubawa a baro. Ya buɗe ramukan iskar da ya toshe. Ya je ya nemo tagogin katakon da ya bayar kyauta, wanda ya ba wa ya sayar masa da su.

Amma fasawar ba ita ce azabar ba. Jiran ne.

Ka ga mutum zaune a kan bokiti yana kallon bango. Ya ari fanka uku ya kunna masa. Maestro ya zo ya ɗora hannu, ya girgiza kai.

"Baba, a waje ya bushe fa."

"A waje."

"Ko sati ɗaya ba za a rage ba?"

"Ka riga ka gwada ragewa."

Doña Casilda ta ci gaba da bugowa da yamma, muryar tana ƙara yin ƙasa. Ta daina tambayarsa yaushe. Sai dai ta ce, "Me Ovidio ya ce?"

A Maris aka yi wa ɗakin gaba shafen farko. A Afrilu aka yi na biyu. Maestro ya ce in Allah ya yarda ranar goma ga Mayu ta shigo. Wilfrido ya sayo sabuwar katifa, ya jingine ta a shagona da ledarta don kada ta yi ƙura.

Ranar ɗaya ga Mayu da safe yana kwaɓa farar ƙasa a ƙofar gida wayarsa ta yi ƙara. Na ga ya goge hannu a wando ya ɗauka. Ya zauna a ƙasa, a cikin kwaɓin, wayar tana kunnensa.

Tun rashin lafiyar nan ƙirjin Doña Casilda bai sake komawa daidai ba. Nelsy ta kai mata gahawa, tsohuwar ta ce ƙirjinta ya riƙe, kafin a nemo masu sauko da ita rai ya yi halinsa. Kwana tara ya rage.

Maestro ne ya ce a kawo gawarta gidan a yi zaman makoki. Da kansa ya share ɗakin gaba, ya kwashe kayan aiki, muka jera kujeru. Shafen ƙarshe bai hau ba, bangon yana nan da kaushinsa, amma a bushe yake ƙayau. Da rana tsaka, ba fanka ba na'ura, ɗakin sanyi ƙalau, iskar teku tana shiga ta taga tana fita ta saman ƙofa.

Unguwa ta cika gidan. Wata tsohuwa da ta zo daga nesa, ba ta san abin da ya faru ba, ta zauna tana fifita da mafici, sai ta ajiye shi.

"Kai, ɗakin nan da ni'ima yake. Casilda ta mori gida kafin ta tafi."

Nelsy ta dubi yayanta, ta buɗe baki, ta fasa. Wannan shirun ya fi zagin da ta yi masa a baya ciwo.

Wilfrido ya tashi ya fita. Maestro yana tsaye a waje, malafa a hannu. Ina kusa da su, na ji komai.

"Baba, da na bar ka ka yi aikinka..."

"Da tun Satumba tana nan. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"Ciwon fa? Da ba ta..."

Tsohon ya juya malafar a hannunsa.

"Wannan ka tambayi likita, ɗana. Ni magini ne."

Bai tambayi likitan ba. Ya san amsar da yake tsoro.

An gama gidan a watan Agusta, kuma duk layin babu kamarsa. Damina biyu ta wuce, ko tabo babu. Wilfrido yana ciki shi kaɗai, a ɗakin baya yake kwana. Na gaban kullum a share yake, a buɗe, bai taɓa sa gado a ciki ba.

Darasi: Gwaninta a aikinka ba ta mayar da kai gwani a aikin wani. Wilfrido yana son mahaifiyarsa, kuma don ita ya yi sauri, amma kyakkyawar niyya ba ta hana girman kai yin ɓarna. Ya ƙi jiran wata biyu don kada a ce ya yi magana biyu, ya wulaƙanta wanda ya faɗa masa gaskiya, kuma ba shi ya fi shan wahalar ba, wadda yake so ce ta sha. In wanda ya san abu ya ce maka ka jira, ka tambaye shi dalili kafin ka kira shi macuci. Ku tura wa duk wanda kuka sani yana gini, ko yana gyaran gida, ko yana ganin ya fi ƙarfin shawara.